Muryata tana nutsewa a cikin kiɗa, kuma aminina ne mai haɗa sautin

Assalamu alaikum Yaya. Ni matashi ne ɗan shekara 23 a Kaduna, ina waƙar gambarar zamani, wato rap, da Hausa. Shekara uku ke nan aminina da muka taso unguwa ɗaya shi ke yi mini kiɗa, shi ke ɗaukar muryata a ɗakinsa, shi ke haɗa sautin a manhajar FL Studio, kuma bai taɓa karɓar ko sisina ba. Matsalar ita ce duk waƙar da muka saki sai mutane su ce kiɗa ya yi daɗi amma ba sa jin abin da nake faɗa. Ni kuwa baitocin nan da nake raba dare ina rubutawa su ne komai nawa. Na ce ya ƙara mini Auto-Tune, manhajar nan ta daidaita murya, da eko, don ni kaina ba na son jin muryata haka nan tsirara. Ya ƙara, abin bai gyaru ba. Yanzu na tara 'yan kuɗi. Wata zuciyar tana cewa in sayi makirufo mai tsada, wata tana cewa in kwashi waƙoƙin in kai wani situdiyo ba tare da ya sani ba. Ina jin nauyin in dube shi in ce aikinsa bai yi ba. Ga waƙa ɗaya da aka gama na turo maka, da muryar ita kaɗai kafin a taɓa ta, da hoton ɗakin. Me zan yi?

Wani ƙaninka daga Kaduna

Wa alaikumus salam ƙanena.

Na saurari abin da ka turo sau uku: da hedifon, da lasifikar situdiyo, sannan da wayata ajiye a kan tebur, domin ta nan ne yawancin masu sauraronka za su ji ka. Mutanen da suka yi maka ƙorafi gaskiya suka faɗa. A waya, cikin baiti na biyu, rabin kalmominka sai da na yi ta mayarwa baya kafin na kama su. Da na kama su kuma na ji takaici, domin rubutun yana da kyau, akwai ma'ana, akwai salo, ga shi an binne shi.

Amma kada ka sayi makirufon nan tukuna, kuma kada ka je wani wuri a ɓoye. Laifin ya kasu uku. Abokinka yana da kaso, kai kana da kaso, ɗakin da kuke ɗauka a ciki ya fi ku duka kaso. Bari mu fara da muryar da ka turo wadda ba a taɓa ba, don ita ce ta tona asirin komai.

Tun kafin ka buɗe baki akwai daƙiƙa biyu na shiru a farkon fayil ɗin, kuma ba shiru ba ne. Fankar sama tana juyawa, ana jin ta. Ƙarƙashinta akwai wani gunji siriri mara yankewa, irin wanda wutar lantarki ke sakawa a cikin waya. Wutar ƙasar nan tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma idan cajar laftof ko wayar makirufo ba ta da kyau, wannan kaɗawar ce ke shiga cikin ɗauka. Da ka fara magana kuma sai kowace kalma ta fito da jela, wani amo gajere kamar kana magana a banɗaki. Na duba hoton na ga dalili: ƙasa tayil ce, bango siminti ne tsurarsa, babu labule, kai kuma kana tsaye a kusurwa, bayanka na kallon bango. Ka shiga ɗakin ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi ka saurara. Wannan ƙarar da ta rage bayan tafin, ita ce take hawa kan kowane harafi naka.

Abin da ya sa wannan ya fi komai muni shi ne, duk abin da za a yi wa murya daga baya yana ƙara fito da shi. Kwamfiresa aikinta ta danne wurin da murya ta yi ƙarfi, sannan a ɗaga duka gaba ɗaya, to tana ɗaga muryarka tana ɗaga fanka da amon bango tare. Babu fulogin, wato ƙaramar manhajar gyaran sauti, da zai zare ɗaki daga cikin murya ya bar ta lafiya lau. Tun ran gini tun ran zane. Makirufo mai tsada kuwa, irin na kwandensa, kunnensa ya fi kaifi, zai ji fankar nan da kyau fiye da wanda kuke da shi. Mutum ya ɗauki makirufon Shure SM58, wanda ke kasuwa tun 1966 kuma ake gani a hannun masu wa'azi da masu sanarwar biki, ya matso kusa da shi a ɗakin da aka rufa da barguna, zai iya fin wanda ya kafa makirufon miliyoyi a tsakiyar siminti.

Gyaran ba ya cin kuɗi sosai. Makirufonku irin wanda ke ji ta gaba ne, yana toshe kunne ga abin da ke bayansa. Saboda haka amon da ya fi shiga cikinsa shi ne wanda ya daki bangon da ke bayanka ya dawo ta kan kafaɗarka. Ku jingina katifa a bangon nan, ko ku rataya bargo mai kauri biyu, ku bar ɗan fili tsakaninsu da bango. Ku shimfiɗa darduma ko kafet a ƙasa. Ku fita daga kusurwa, don a nan ne sauti mai kauri yake taruwa. In akwai kabad cike da kaya, buɗe shi a tsaya kusa ya fi kumfar ado da ake mannawa a bango. Kiret ɗin ƙwai da wasu ke jerawa, ku bar shi, bai da kaurin da zai shanye komai. A kashe fanka na mintunan ɗauka ko da za a yi gumi, a zare cajar laftof a yi aiki da batir, in janareta ke aiki a jira ko a matsar da shi nesa. Na san zafin Kaduna a watan Maris, na san abin da nake roƙonku. Minti goma ne, sai a kunna a sha iska.

Tsayuwarka ma da gyara. Kana manne da makirufo har ana jin iskar bakinka tana dukansa a kowane "b" da "f". Irin wannan makirufon, idan aka matso masa sosai, yana ƙara wa murya kauri na ƙarya, sai ta zama dunƙulalliya kamar an rufe ta da tulu. Ja baya taƙi ɗaya, wajen santimita 15 zuwa 20, a sa matatar iska a tsakani. In babu ta, a lanƙwasa wayar hanga a yi zobe, a ɗame shi da gyale mai shara-shara, ya wadatar. Ka ɗan karkatar da bakinka kaɗan yadda iska za ta wuce gefe. Kuma a cikin amshi, inda ka ɗaga murya, ta fashe. Ma'aunin ya kai ja ke nan lokacin ɗauka, kuma abin da ya fashe a nan ba ya ɗinkuwa. Ku sa saitin ɗauka a 24-bit, ku rage ƙarfin shigarwa yadda ihunka mafi ƙarfi zai tsaya tsakanin -12 da -6 dB a ma'aunin ƙarfin sauti. Ɗaga murya mai tsabta daga baya abu ne mai sauƙi.

Yanzu naka kason, kuma ina so ka karɓe shi da zuciya ɗaya. Kana haɗiye ƙarshen kalmomi. A baiti na biyu ka jero layi bayan layi ba ka bar wa kanka wurin numfashi ba, sai kowane layi ya fara da ƙarfi ya ƙare da raɗa. Ina kuma zargin daga waya kake karantawa, don muryar tana kusantowa tana nisa, alamar kai yana sunkuyawa yana ɗagowa. Hausa ba ta yafe wannan. Yawancin abin da ke ɗaure jimlarmu a wutsiyar kalma yake: ɗan "n" da ɗan "r" na mallaka, tsawon wasali da gajartarsa. Ga kuma haruffan da ake furtawa da ƙarfin maƙogwaro. Tsakanin kafa da ƙafa, tsakanin kara da ƙara, tsakanin bari da ɓari, bambancin ɗan bugu ne na ƙiftawar ido a farkon kalma. In numfashinka ya ƙare, bugun nan shi ke fara tafiya, mai sauraro kuma sai ya koma zato. Babu injiniyan da zai mayar da harafin da ba a furta ba.

Ka haddace baitin har ka iya rera shi kana tafiya kasuwa. Ka rubuta shi a takarda ka sa alama a duk inda za ka ja numfashi, in layi ya ƙi ba ka wuri ka cire kalma ɗaya ko biyu, ba abin da zai ragu. Sannan ba dole ba ne a ɗauki baiti sukutum a tashi ɗaya. A ɗauki layi huɗu a tsaya, a ɗora huɗu na gaba. A yi kowane sau uku, a zaɓi mafi kyau a ɗinka. Haka ake yi a manyan situdiyo, ba ha'inci ba ne.

Akwai jimla ɗaya a wasiƙarka da ta fi tsaya mini a rai, inda ka ce ba ka son jin muryarka tsirara. Ina ganin nan ne gindin matsalar. Kusan kowa haka yake ji a farko, kuma da dalili. Idan kana magana, kana jin kanka ta iska da kuma ta ƙasusuwan kanka, ƙashi kuma yana ƙara kauri. Na'ura ta iska kaɗai take ji, sai ta mayar maka da murya siririya wadda ba ka saba da ita ba, alhali ita ce wadda mahaifiyarka da abokanka suka sani tun kana yaro, kuma ba su taɓa ƙin ta ba. Shekarun baya a Kano wani yaro ya zo mini da waƙa a kan rasuwar yayansa. Muryarsa tana rawa a wasu wurare, ya roƙe ni in lulluɓe ta. Na biye masa, na zuba eko, na tura ta bayan kiɗa, ya tafi yana murna. Har yau abin yana damuna, domin rawar muryar nan ita ce waƙar, ni kuma na taya shi ɓoye ta. Kai ma ka nemi abokinka ya ɓoye ka, ya ɓoye ka, yanzu kana jin haushin ba a ganinka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Muryarka tana da ɗan kaushi mai daɗi a ƙasa-ƙasa, na ji shi a fayil ɗin da ba a taɓa ba, a waƙar da aka gama kuma na neme shi na rasa.

Auto-Tune ba maganin wannan ba ne. Kamfanin Antares ya fito da shi a 1997, wanda ya ƙirƙire shi, Andy Hildebrand, injiniya ne da ya yi aikin nazarin girgizar ƙasa wajen neman mai, kuma an yi shi ne don ya mayar da muryar mai rerawa kan sautin da ta kauce wa. Mai rap a cikin baiti magana yake yi da kari, muryarsa tana zamewa sama da ƙasa ba ta zama kan sauti ɗaya. Idan aka sa saurin gyaran a sifili, wato mafi sauri, na'urar tana fizgar kowace gaɓa zuwa sauti mafi kusa da ƙarfin tsiya. A harshen da hawa da saukar murya ke rarrabe ma'ana, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wuyan da ke ɗauke da kai da wuyar rayuwa, kukan yaro da kukar miya, da me kunne ke raba su in ba da karin sauti ba? A waƙarka ma ina jin ba a saita shi kan makullin kiɗan, wato jerin sautukan da aka gina kiɗan a kai, daidai ba, shi ya sa amshin ke ɗan karkacewa. Shawarata a cire shi daga baitoci gaba ɗaya, a bar shi a amshi inda kake rerawa, a tabbatar da makullin, a sassauta saurin har sai in salon muryar inji kuke nema da gangan.

To sai kason abokinka. Yana da kunne, wannan ba shakka. Gangunansa suna da nauyi, tsarinsa yana da tsabta. Cutar da ke damunsa ita ce ta duk mai yin kiɗa da ya koma haɗa murya: kiɗan ɗansa ne, ba ya iya rage masa. Daga yadda na ji, ya gama kiɗan, ya matse shi da limita, fulogin da ke hana sauti wuce iyaka, har ya cika maƙil, sannan ya nemi inda zai saƙala muryarka. Babu wuri. Alhali kuna da gatan da masu sayen kiɗa a intanet ba su da shi, domin kowace ganga da kowane kayan kiɗa suna hannunsa daban-daban. Ya cire limitar nan, ya sauke komai ƙasa, ya ɗaga muryar ita kaɗai tare da babbar ganga da sinare, wato ƙaramar ganga mai kaifin sauti, ya daidaita ukun nan, sannan ya riƙa shigo da sauran ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya shigo ya rufe kalma, a rage shi.

Ga abin da zan yi wa muryar da a gabana take, ka kai masa ya gwada, lambobin mafari ne kawai, kunne ke yanke hukunci. Kafin kowane fulogin, a bi ta da hannu: a goge shirun da ke tsakanin layuka, a rage numfashi ba tare da an share shi duka ba, a ɗaga kalmomin da suka faɗi a sauke waɗanda suka yi tsalle. Aikin minti talatin ne mai gajiyarwa, kuma shi ne rabin haɗin. Sai ikwalaiza, mai rage ko ƙara kauri da kaifin sauti: a yanke duk abin da ke ƙasa da 80 zuwa 100 Hz (Hz yawan kaɗawar sauti ne a daƙiƙa, ƙaramar lamba kauri, babba kaifi), ba komai a can sai gunji da takun ƙafa. Tsakanin 200 da 500 Hz nan laka take taruwa, a nemo inda ta fi yawa a rage 2 ko 3 dB. Fahimtar kalma kuwa tana zaune ne wajen 2,000 zuwa 5,000 Hz, kuma a nan ne ainihin faɗan yake a waƙarku. Akwai wani fiyano mai kaifi da ke maimaita kansa tun daga farko har ƙarshe, yana zaune daram a kan kujerar muryarka. Maimakon a yi ta ƙara wa murya kaifi har ta soki kunne, a rage wa fiyanon 2 ko 3 dB a wajen 3,000 Hz, ko ma a ɗauke shi a cikin baiti a dawo da shi a amshi. Ku gwada wannan kaɗai ku ji yadda za ka fito kamar an buɗe taga.

Kwamfiresa a fara da ma'aunin dannewa 4 bisa 1, tana danne 3 zuwa 6 dB a wuraren ƙarfi. Abin lura shi ne saurin kamunta. In ta cika sauri tana cinye bugun farkon kalma, wato daidai "ƙ" da "ts" da "ɗ" ɗin da muka ce su ne ran Hausa, sai murya ta zama lagwani. A sassauta kamun kaɗan yadda bugun zai wuce kafin ta danne. Guda biyu masu danne kaɗan-kaɗan a jere sun fi guda ɗaya mai shaƙe wuya. Bayanta "s" da "sh" da "ts" za su yi tsini, a sa diyesa, fulogin da ke rage wannan tsinin, wajen 5,000 zuwa 8,000 Hz, amma da hankali, in ta yi yawa za ka koma kamar mai tsamin baki.

Eko shi ya fi yi muku ɓarna. An zuba amon ɗaki mai tsawo, wanda ake kira ribab, kai tsaye a kan muryar, ga kuma amon ɗakin gaske da ke ciki tun asali. Ribab yana tura murya nesa, rap kuwa so yake ya tsaya a gaban hancin mai sauraro. A mayar da shi layi na daban a riƙa aika masa kaɗan, gajere, ƙasa da daƙiƙa ɗaya, a yanke masa kauri. In ana son faɗi ba tare da hazo ba, amsa-kuwwa mai bin kari ta fi, wato dile. Lissafinta mai sauƙi ne: a raba 60,000 da saurin kiɗan. Kiɗa mai bugu 100 a minti yana ba da milisakan 600 ga bugu ɗaya, 300 ga rabinsa. Kuma ba kowace kalma ke buƙatarta ba. A jefa ta a kan kalmar ƙarshe ta layi, inda akwai fili, ta amsa sau ɗaya ko biyu ta ɓace.

Muryoyin da kake ninkawa kuma, ka tuna yadda 'yan amshi suke a wajen makaɗanmu na gargajiya. Ba sa rera komai tare da ubangidansu, ba sa ɗaga murya sama da tasa, suna shigowa ne inda ya bar musu. A waƙarku an ninka baitin duka sau uku da ƙarfi ɗaya, kuma ba su sauka tare ba, sai kowane "s" ya zama uku. A bar murya ɗaya a tsakiya ita ce jagora. Ninkin a kawo shi kan kalmomin da ake son jaddadawa kaɗai, a sauke shi sosai, a raba shi hagu da dama, a daidaita shi da jagorar har su zama kamar baki ɗaya.

Abu na ƙarshe a wannan ɓangaren: ya daina haɗawa da ƙara a sama. Tun 1933 masu bincike biyu, Fletcher da Munson, suka nuna cewa yadda kunne ke jin kauri da kaifi yana canjawa da ƙarfin sauti. Da ƙara komai daɗi yake yi. A rage har a iya hira a kai, in kalmomi suna fita a haka, to sun fita. A saurara a lasifika ɗaya, a saurara a waya, domin lasifikar waya ba ta iya fitar da zurfin 808, wato sautin gangar nan mai kauri, da ya cinye muku fili. Kuma tseren ƙara ba shi da riba kamar da, Spotify yana daidaita waƙoƙi ne a wajen -14 LUFS a ma'aunin ƙarar waƙa, wanda ya matse tasa fiye da kima sai a sauke masa ita, ya tashi ba ƙara ba rai. In za ku tura wa juna fayil ta WhatsApp, ku tura shi a matsayin takarda, wato Document, kada manhajar ta taɓa shi.

Mu koma kan abin da ya hana ka barci. Zuwa wani situdiyo a ɓoye ba zai yiwu ba ko da ka so. Duk injiniyan kirki abu na farko da zai nema shi ne kayan kiɗan a rarrabe, kowanne a fayil ɗin sautinsa na WAV, kuma suna cikin laftof ɗin abokinka. In ka kai kiɗan a dunƙule, sabon mutumin zai faɗa ramin da ake ciki. In kuma waƙar ta fita, abokinka zai gane ba haɗinsa ba ne tun a daƙiƙa goma na farko, kuma zai ji ta ne a wayar wani. Ka auna yadda hakan zai yi masa. Mutumin da ya ba ka shekara uku na darensa da wutarsa da ɗakinsa, abin da zai ƙona masa rai shi ne ka zagaye shi, fiye da duk wata magana da za ka faɗa masa ido da ido. Nauyin da kake ji na gane shi, tarbiyya ce. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Kuma ba sai ka ce masa aikinsa bai yi ba, don ba gaskiya ba ne. Je ka same shi ranar da ba aiki za ku yi ba. Fara da naka: ka ce ka gano kana haɗiye kalmomi, kuma kai ne ka matsa a cika eko don kana jin kunyar muryarka. Mutum in ya ga ka fara sauke naka kayan, ba ya tsayawa kare nasa. Sannan ka kawo waƙa ɗaya ta wani mawaƙin Hausa da ku biyun kuke so, wadda ake jin kowace kalma a cikinta. Ku sa ta a FL Studio kusa da taku, ku daidaita ƙarfinsu, ku riƙa sauyawa daga wannan zuwa waccan. Ba sai ka yi dogon bayani ba, kunnensa zai gaya masa. Ka kuma koyi yin magana da lokaci da wuri. "Abokina, a minti ɗaya da daƙiƙa goma fiyano ya rufe kalmar nan" magana ce da zai iya aiki da ita. "Muryar ba ta fita" kuwa zargi ne kawai.

Kuɗin da ka tara, ga inda zan so su je. Barguna da kafet da matatar iska. Hedifon mai rufe kunne ruf, don kiɗa ya daina tsiyaya cikin makirufo, na ji shi kaɗan a fayil ɗinka. Sauran kuma ka fara biyan abokinka, ko kaɗan ne, a kan kowace waƙa. Zai ƙi karɓa, ka dage. Aikin kyauta yana ɗaure bakin mutum biyu: kai ba ka iya cewa a sake, shi kuma ba ya iya cewa ya gaji. Ku zauna ku rubuta a takarda wa ke da me a kowace waƙa, da yadda za a raba in kuɗi suka shigo, da yadda za a rubuta sunansa a Audiomack da YouTube da duk inda kuka ɗora. Yanzu da babu ko kwabo a tsakani shi ne lokacin da maganar take da sauƙi. Na ga aminai da yawa da suka rabu a kan waƙar farko da ta karɓu, ba don mugunta ba, don ba su taɓa yin maganar ba.

In da saura, ku ɗauki waƙa ɗaya ku kai wa gogaggen injiniya ku biyu tare, a Kaduna ko a Kano, inda situdiyo suke jere a Zoo Road saboda harkar fim da waƙa. Ku biya kuɗin zama, ku roƙi a haɗa a gabanku, abokinka yana kallo yana tambaya. Yini ɗaya irin wannan zai koya masa abin da wata shida na bidiyon koyarwa ba zai koya masa ba, kuma zai shiga ne a matsayin mai kiɗan, da mutuncinsa. Yana iya yiwuwa a ƙarshe ya ce shi kiɗa ne sha'awarsa, haɗa murya wahala ce yake yi dominka. Da yawa haka suke, kuma in haka ne kun huta ku duka. In kuwa kun gwada duk wannan da gaske ya ƙi sauraro, to kana da haƙƙin kai muryarka inda za a ji ta, sai dai ka gaya masa da bakinka kafin ka tafi, ka nemi fayilolin a hannunsa, sunansa kuma ya zauna a kan kiɗansa.

Kada ku taɓa tsofaffin waƙoƙin tukuna. Ku ɗauki wannan da ka turo mini, baiti na biyu kaɗai, ku sake ɗaukarsa a ɗakin da aka rufa, fanka a kashe, kai a haddace. Ku haɗa shi ba Auto-Tune, ribab kaɗan. Sannan ka sa shi a waya ka miƙa wa wanda bai taɓa ganin rubutun ba, ƙanwarka ko mai shayin bakin layinku, ka ce ya saurara sau ɗaya ya maimaita maka abin da ya ji. Duk layin da ya kasa maimaitawa ku sa masa alama ku koma kansa. Idan kun gama ku turo mini sabon da tsohon, ina so in ji layin nan na shida da ka yi a kan mahaifinka yadda ka rubuta shi.

Allah ya sa albarka, ka gaishe mini da abokin naka.